Yadda ake lissafin makamashin zafin da ake buƙata don ɗumama ruwa

Abu uku ne ke yanke yawan zafin da ruwa zai sha kafin ya kai inda ake so: yawan ruwan, tazarar digiri tsakanin inda yake da inda za a kai shi, sai kuma wani adadi da ruwa ya keɓanta da shi, wato jul 4,186. In ka riƙe waɗannan ukun, tun kafin ka kunna komai za ka iya faɗin minti nawa hita za ta ɗauka, yunit nawa mita za ta ci, da giram nawa na gas zai ƙone. Ninkawa ce da rabawa kawai. Inda aikin yake da wuya shi ne sanin zafin da ya tsere bai shiga ruwan ba, da sanin wurin da lissafin ya daina aiki.

Ma'aunan da za a yi aiki da su

Jul shi ne ma'aunin makamashi. An sa masa sunan James Prescott Joule, masanin Ingila da ya nuna a shekarun 1840 cewa in aka yi ta juya ruwa da ƙarfin wani nauyi mai gangarowa, ruwan yana ƙara zafi daidai gwargwadon aikin da aka yi. Jul ɗaya ɗan mitsitsi ne, shi ya sa aka fi magana da kilojul, wato jul 1,000, ko megajul, jul 1,000,000.

Wat kuwa saurin bayar da makamashi yake aunawa: wat ɗaya shi ne jul ɗaya a kowane sakan. Hitar da aka rubuta wa wat 2,000 tana zuba jul 2,000 duk sakan ɗaya. Yunit ɗin da mitar lantarki ke ƙirgawa kilowat-awa ne, wato wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Tunda awa sakan 3,600 ce, yunit ɗaya jul 3,600,000 ke nan. Mutane da yawa suna haɗa wat da yunit su ɗauke su abu guda, kuma daga nan lissafinsu yake karkacewa.

Ga dabarar lissafin kamar yadda ake rubuta ta a littattafan kimiyya:

Q = m × c × ΔT

Q shi ne zafin da ake nema, a jul. m nauyin ruwan ne, a kilogiram. ΔT yawan digirin da ruwan zai ƙaru. c kuma ƙarfin ɗaukar zafi na ruwa: jul 4,186 ake buƙata don a ɗaga kilogiram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya na Salshiyos. Wasu littattafan suna sa 4,180, wasu 4,200 don sauƙi. Bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kar ya dame ka. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa.

Wannan adadi babba ne ƙwarai. Na alminiyom wajen 900 ne, na ƙarfe wajen 450, na jan ƙarfe 385. Shi ya sa gindin tukunyar da babu komai a ciki yake ƙona hannu cikin sakan kaɗan, amma da ruwa a ciki sai an yi ta jira.

Mataki na 1: gano nauyin ruwan

Lita ɗaya ta ruwa kilogiram ɗaya ce, don haka lita 20 kilogiram 20 ce. Ruwan da ya yi zafi sosai yana ɗan buɗewa, a digiri 80 lita ɗaya takan zama kimanin giram 972, amma tunda da ruwan sanyi ake cika mazubi, babu buƙatar gyara.

Kar ka dogara da abin da aka rubuta a jikin bokiti, domin ba kasafai ake cika shi har baki ba. Ka auna da kofin awo, ko ka ɗora bokitin a sikeli yana fanko, ka sake ɗora shi da ruwa, ka ɗebe na farko daga na biyu. In tanki ne mai kusurwa huɗu, ka ninka tsawo da faɗi da zurfin ruwan a santimita, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita. In mazubin zagayayye ne kamar tukunya ko duro, ka ɗauki rabin faɗinsa ka ninka shi da kansa, ka ninka da 3.14, sannan da zurfin ruwan. Tukunya mai faɗin santimita 30 da ruwa mai zurfin santimita 20: 15 × 15 × 3.14 × 20 = 14,130, a raba da 1,000, lita 14 da ɗan ɗori. Wanda ya manta ya sa 30 a maimakon 15 zai sami amsa ninki huɗu.

Mataki na 2: gano tazarar digiri

Ka tsoma ma'aunin zafi a ruwan, ka jira har lambar ta tsaya. Sai ka ɗebe wannan daga zafin da kake son kaiwa. Daga digiri 22 zuwa 42, ΔT 20 ne. Tazarar ake sawa a lissafi, ba zafin ƙarshe ba. Wanda ya sa 42 ya lissafa kamar daga digiri 0 ruwan ya taso.

Idan ruwan ya riga ya fara ɗumi, ka juya shi kafin ka auna. Ruwan zafi sama yake tasowa, na sanyi ya kwanta ƙasa. A bokitin da aka rataya wa hitar tsomawa daga baki, sai ka taɓa sama ka ji yana ƙuna, alhali ƙasa yana nan da sanyinsa. Ka kashe wutar, ka zare filogi, sannan ka juya ka auna. Ba a sa hannu a ruwan da hita ke ciki tana jone.

In ma'auninka na Farenhait ne, ka fara ɗebewa, sannan ka ninka tazarar da 5 ka raba da 9. Tazarar 36 a Farenhait ita ce 20 a Salshiyos. Ba a cire 32 a nan, wannan sai in zafi guda ɗaya ake mayarwa. A ma'aunin Kelbin kuwa tazarar daidai take da ta Salshiyos, babu abin da za a sauya.

Mataki na 3: ninka, ka mayar zuwa yunit

Mu ɗauki bokiti mai lita 20, daga digiri 22 zuwa 42.

20 × 4,186 × 20 = jul 1,674,400

A raba da 3,600,000, ya ba da yunit 0.465, ƙasa kaɗan da rabin yunit.

Akwai gajeriyar hanya ga mai aiki da lantarki. Ɗaga lita ɗaya da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.163. Sai ka ninka lita da digiri da 1.163, ka raba da 1,000. Tankin wanka mai lita 50 daga digiri 20 zuwa 60: 50 × 40 × 1.163 = 2,326, wato yunit 2.33. Ka ninka da kuɗin yunit ɗaya da ke kan takardar wutarka, ka san abin da cikawa ɗaya ke ci.

In ka ci karo da kalori, kalori ɗaya jul 4.184 ne, zafin da ke ɗaga giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Kilokalori ninki 1,000 ne na wannan. A jikin wasu na'urori kuma za ka ga BTU, wanda kowanne kimanin jul 1,055 ne.

Mataki na 4: gano lokaci

Ka raba jul da wat, abin da ya fito sakan ne. Bokitin nan da hita mai wat 1,500: 1,674,400 ÷ 1,500 = sakan 1,116, wajen minti 18 da rabi. Tankin lita 50 da irin wannan hita: yunit 2.33 ÷ kilowat 1.5 = awa 1.55, wato awa ɗaya da minti 33. A kula, 1.55 ba awa ɗaya da minti 55 ba ne. Ka ninka 0.55 da 60.

Hita mai wat 3,000 za ta gama a rabin lokacin, amma yunit ɗin da za ta ci ɗaya ne. Babbar hita sauri take ƙarawa kawai. Hasali ma takan ɗan rage asara, tunda ba a daɗe ana zubar da zafi cikin iska ba.

Mataki na 5: zafin da bai shiga ruwa ba

Duk abin da muka lissafa zuwa nan buƙatar ruwan ce kaɗai. Abin da za ka biya ya fi haka, domin wani zafin mazubi ne ke shanye shi, wani yana fita ta jikin mazubin, wani kuma tururi ke tafiya da shi. Ana gyara lissafin ta hanyar raba Q da kason zafin da ke isa cikin ruwa.

Hitar tsomawa da butar lantarki su ne kan gaba, saboda ƙarfen da ke zafi yana cikin ruwan ko manne da shi. Yawanci kashi 80 zuwa 90 cikin 100 ke shiga. Murhun gas yakan tsaya wajen kashi 40 zuwa 50, domin harshen wuta yana bin gefen tukunya ya tashi sama. Buɗaɗɗiyar wutar itace kuwa sau da yawa ba ta wuce kashi 10 zuwa 15. Waɗannan kimantawa ce don fara lissafi. Faɗin tukunya, murfi da iska suna iya sauya su sosai.

Butar lantarki mai wat 2,000, lita 1.5, daga digiri 25 zuwa 100: 1.5 × 4,186 × 75 = jul 470,925. Ba tare da asara ba sakan 235 ne. Da kashi 85 cikin 100: 470,925 ÷ 0.85 = jul 554,029, sakan 277, minti 4 da sakan 37. Rabawa ake yi da 0.85. Wanda ya ninka zai sami amsa ƙasa da buƙatar ruwan kansa, wanda ba ya yiwuwa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna masa ya yi kuskure.

Ga gas, kilogiram ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da kimanin megajul 46. Tafasa lita 10 daga digiri 25 yana buƙatar 10 × 4,186 × 75 = jul 3,139,500, megajul 3.14. A raba da 0.4, megajul 7.85. A sake rabawa da 46, kilogiram 0.17, wato kimanin giram 170 na gas. Da busasshen itace, mai kimanin megajul 15 a kilogiram, a buɗaɗɗiyar wuta mai kashi 15 cikin 100, wannan aikin zai ci wajen kilogiram 1.4. Ɗanyen itace ya fi haka, domin sai ya fara ƙona ruwan jikinsa.

Shi kuwa mazubi, ana lissafa shi da dabara iri ɗaya, sai dai a sa c nasa. Tukunyar alminiyom mai kilogiram ɗaya da ta tashi digiri 75 ta sha 1 × 900 × 75 = jul 67,500. In lita 10 ce a ciki, wannan kashi 2 cikin 100 ne, ana iya watsar da shi. In rabin lita ce, ruwan jul 156,975 yake so, tukunyar kuma ta ƙara sama da kashi 40 cikin 100 a kai. Ruwa kaɗan a babbar tukunya asara ce, ko da an rufe.

Auna naka da kanka

Gara ka auna na'urarka a kan ka ɗauki adadin wani. Ka zuba lita ɗaya cif, ka auna zafin farko, ka kunna tare da agogo, ka tsayar da shi da zarar ruwan ya tafasa sosai. A ce daga digiri 25 ka fara, buta mai wat 2,000 ta ɗauki sakan 190. Ruwan ya sha jul 313,950, butar ta zuƙi 2,000 × 190 = jul 380,000. Na farko a raba da na biyu, 0.83, kashi 83 cikin 100. Ga gas, ka auna tukunyar gas ɗin a sikeli kafin da bayan aikin, amma ka yi da ruwa mai yawa, domin sikelin gida ba ya ganin bambancin giram 15 ko 20.

In amsar ta fito ƙasa fiye da kima, ka fara zargin ƙarfin wutar kafin hitar. Wat ɗin da aka rubuta a jikinta ya dogara ne da bolt ɗin da aka ƙera ta a kai, wato ma'aunin ƙarfin wutar da ke shigowa. In wuta ta yi ƙasa, wat yana faɗuwa ninki biyu na faɗuwar bolt ko kusa da haka, domin lissafin bolt sau bolt ne. Hitar da aka yi don bolt 230, in ta sami 200: 200 ÷ 230 = 0.87, a ninka da kansa, 0.756. Mai wat 2,000 ta koma kimanin 1,510, aikin minti 15 ya zama na minti 20. Yunit ɗin da aka ci bai ƙaru sosai ba, lokaci ne ya ƙaru.

Wani abin da ake yawan ɗora wa laifi shi ne farin dattin da ke daskarewa a jikin ƙarfen hita a inda ruwa ke da sinadarin alli. Wannan datti ba ya ɓatar da makamashi mai yawa, tunda zafin ba shi da wata hanya sai cikin ruwan. Illarsa ita ce yana tare zafi a jikin ƙarfen, ƙarfen ya yi zafi fiye da yadda aka ƙera shi, ya ƙone da wuri.

Inda lissafin ya daina aiki

Q = m × c × ΔT yana aiki ne muddin ruwan yana nan a matsayin ruwa. Da zarar ya fara tafasa, ma'aunin zafi yana tsayawa cak, komai wutar da aka ƙara. Zafin yana tafiya ne wajen mayar da ruwan tururi. Joseph Black na Sikotlan ne ya fayyace wannan ɓoyayyen zafi a shekarun 1760. Mayar da kilogiram ɗaya na tafasasshen ruwa tururi yana cin kimanin kilojul 2,260. Ka gwada da kilojul 314 da aka kashe wajen kawo shi daga digiri 25 zuwa 100: ya ninka shi fiye da sau 7.

Ga abin da wannan yake nufi a aikace. Hita mai wat 2,000 da aka bari a kan ruwan da ya riga ya tafasa tana ƙafe kimanin giram 53 a minti. A minti 10 rabin lita ta tafi, an ci sulusin yunit, ruwan kuma bai ƙara ko digiri ɗaya ba. Wannan ɓoyayyen zafi shi ne kuma dalilin da murfi ke da tasiri sosai. Tun kafin tafasa ruwa ke ƙafewa daga sama, kowane giram da ya tashi yana ɗauke fiye da jul 2,000. Murfi yana tare shi, ya zama ɗigo a ƙarƙashinsa, ya koma ciki da zafinsa.

Tafasa a digiri 100 ma na gaɓar teku ne. Kowace mita 300 da aka hau, ruwa yana tafasa ƙasa da haka da kimanin digiri ɗaya. A tsayin mita 1,500 wajen digiri 95 yake tafasa, kuma shi za ka sa a lissafi.

Ta ɗaya ɓangaren, in da ƙanƙara aka fara, kashi uku ake yi a haɗa. Ƙanƙara kilogiram 2 a digiri 10 ƙasa da sifili, ana son ruwa a digiri 30. Kawo ta zuwa 0, da c na ƙanƙara wajen 2,100: 2 × 2,100 × 10 = jul 42,000. Narkar da ita, jul 334,000 kowane kilogiram: jul 668,000. Ɗumama ruwan: 2 × 4,186 × 30 = jul 251,160. Jimilla jul 961,160, kuma fiye da kashi biyu bisa uku narkewa ce ta cinye.

Adadin 4,186 na tsabtataccen ruwa ne. Ruwan teku ya ɗan gaza haka, wajen 4,000. Mai kuwa kusan rabi ne, kar a yi masa lissafi da na ruwa.

Sirka ruwan zafi da na sanyi

In ana son lita 20 a digiri 40, ruwan sanyi yana 25, tafasasshe yana 100, kason na zafi shi ne (40 − 25) ÷ (100 − 25) = 15 ÷ 75 = 0.2. Lita 4 na zafi, lita 16 na sanyi. Akwai masu ganin tafasa kaɗan a sirka ya fi ɗumama duka araha. A lissafa a gani: 4 × 4,186 × 75 = 1,255,800. Sannan 20 × 4,186 × 15 = 1,255,800. Ɗaya ne. In ma akwai bambanci, tafasawar ce ke ɗan fin asara saboda tururi.

Tankunan ajiye ruwan zafi akan saita su wajen digiri 60 don hana ƙwayar cutar Legionella yaɗuwa, amma ruwan digiri 60 yana ƙona fata cikin sakan kaɗan, musamman ta yara da tsofaffi, don haka sai an sirka. Tanki kuma yana zubar da zafi ko ba a buɗe famfo ba. Don ka san nawa, ka kashe shi, ka auna ruwan, ka sake aunawa bayan awa 8. In lita 50 ta sauka digiri 6, an yi asarar 50 × 6 × 1.163 = wat-awa 349, sama da yunit ɗaya a kwana in haka ya ci gaba.

Ruwan da ke gudana

Ga hitar da ke ɗumama ruwa yana wucewa, wat ake nema kai tsaye. Ka tara ruwan famfon a bokiti na minti ɗaya ka auna, ka raba da 60 don ka sami kilogiram a sakan, sannan ka ninka da 4,186 da ΔT. Lita 6 a minti kilogiram 0.1 ce a sakan. Don a ƙara digiri 15: 0.1 × 4,186 × 15 = wat 6,279. In hitar wat 3,500 ce, digiri 8 da ɗan abu kawai za ta ƙara a wannan gudu, kuma hanya ɗaya ta samun ruwa mai zafi ita ce a rage famfon. Haka nan in ruwan da ke shigowa ya ƙara sanyi da digiri 5, wanda ke fita ma zai ragu da digiri 5, ba don hitar ta lalace ba.

Kafin a sayi babba, a raba wat da bolt don a sami amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. Wat 6,279 a bolt 230 amfiya 27 ne, alhali soket ɗin bango na yau da kullum amfiya 13 zuwa 16 yake ɗauka. Irin wannan hita tana buƙatar wayarta mai kauri daga akwatin rarraba wuta, da makatsin wuta nata, da wayar ƙasa, kuma ƙwararren mai aikin lantarki ne zai haɗa ta.